Koci a Rumfar Gyaɗa

A kasuwar Ajingi ana ta cewa baƙon nan ya taɓa ɗirka ƙwallo a Kano, sai a Gaya aka tsince ta. Ƙarya ce, jama'a, a Wudil ta faɗi.

Ga shi nan a rumfar Kawu Tukur, dogo mai furfura, gwiwar hagu da ƙyar take lanƙwasuwa. Wai tsohon ɗan wasa ne, yanzu shi ke horar da ƙungiyar ƙwallon 'yan mata ta ƙasa. Taubashiyata Hansai, 'yar Kawu, yake roƙo a bari ta je gwaji, motar Kano kuwa ta kusa cika. Kawu na tsintar gyaɗa, ko ɗagowa bai yi ba. Baƙon ya tsuguna don ladabi, gwiwar na rawa, ya ƙi miƙewa. Hansai na bayan buhu, ta cije gefen hijabi.

Na ce, "Koci, kai da ka tsaya gaban dubban mutane, mai gyaɗa ke sa ka kyarma?"

Bai kalle ni ba, ya ce:

"Can in na ɓarar, wani satin a sake bugawa. Nan in Baba ya ce a'a, ta zauna ke nan. Matsa, kana tare min fuskarsa."