Inna Adawiyya Mai Huda Bangon Ɗakin Girki

Da an idar da sallar asuba a Aujara, Inna Adawiyya za ta ɗora kwandon yumɓu a ka, ta saɓa guduma, ta bi gida-gida. Sana'arta ginin murhu, amma da sharaɗi: sai an huda bango an sa bututun da hayaƙi zai fita. In maigida ya ƙi, ta kwashe kayanta.

Ba haka kawai ta tsiri wannan taurin kai ba. 'Yarta Zahra'u ko warin taba ba ta so, amma likita a Dutse ya ce ciwon daji ne a huhunta, ya tambayi inda take girki da abin da take ƙonawa. Kara ne da kashin shanu, a ɗakin da ba taga, in damina ta jiƙa makamashi a hura wuta da leda. Tun da aka binne Zahra'u, Inna ba ta sake gina murhu a rufaffen ɗaki ba.

Ni abin da ke ƙona mini rai, halinmu ne mu maza. Zaure mun yi masa tagogi don mu sha iska, ɗakin da mace ke wuni kuwa ko ramin ɓera babu. Ta fito ido jajur, mu kuma mu ce tuwo ya makara.

Maƙwabta sun shaida ranar da Inna ta shiga gidan wani manomi, Malam Kamilu, ta tarar da matarsa Kaltumi tana tari kamar ƙirjinta zai tsage, ga goyon 'yarta a baya.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Malam Kamilu, yana nuna zangarniyar gero da ke rataye a saman murhu. "Hayaƙin nan shi ke tsare min iri daga ƙwari. Haka muka gada."

"Kamilu, in iri ya lalace akwai shi a kasuwar Jahun. Huhu fa, a wace rumfa ake sai da shi?"

Ya ƙi. Ta yi ta sintiri har ya fara ɓuya in ya ji sallamarta. Sai da ta kawo tulu ta zuba masa irin a cikin toka, ta liƙe bakin da yumɓu, shuka ta zo ya ga ko ƙwaro ɗaya bai taɓa ba, sannan ya yarda. Kafin nan Kaltumi ta fara tofar da jini, asibiti kuma sun faɗi abin da suka faɗa wa Zahra'u.

Ranar da Inna take dukan bangon, wata ta ce, "Inna, ai aikin gama ya gama."

Ba ta ajiye gudumar ba. "Na sani. Wannan ta 'yar da ke bayan Kaltumi ce."

Ke ce mai guduma, Inna, ke ce kika ƙi barin rashinki ya zama na kowa. An kira ki mai shisshigi, an rufe miki ƙofa, ba ki fasa ba. Mun gode, Allah Ya saka miki, Ya jiƙan Zahra'u, Ya sassauta wa Kaltumi.

Ku kuma 'yan'uwana masu zaman zaure, kada ku jira Inna ta zo. Yau da yamma kowa ya shiga ɗakin girkin gidansa, ya zauna har tuwo ya nuna. Wanda ya kasa, ya je ya aro guduma.