Idon Karfasar da Ya Ci Ran Yaya Murtala

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Murtala, kuma har yau shi nake tunawa idan na zo wanke kan kifi.

Ɗalibin kimiyya ne a jami'a. Hutun ƙarshe da ya yi a Kalgo, bincike yake yi kan idon karfasa. Yakan sayo su da rai wurin masunta, ya rufe bokitin da baƙin ƙyalle don idon ya saba da duhu, sannan ya toshe tagar ɗakinsa, ya kunna 'yar jar fitila, ya cire idon ya sa a kwalba.

Ni yake yi wa bayani, don ni kaɗai ke sauraronsa. Ya ce can bayan idon akwai siririn tantani cike da ƙwayoyin jijiya. Masu karɓar haske ba sa hutawa cikin duhu, suna ta zuba wa na gabansu wani sinadari. Da haske ya same su sai su tsagaita, kuma wannan tsagaitawar ce saƙon da ake miƙawa har ƙwaƙwalwa. Wasu kuma kwance suke a gicciye da 'yan ƙofofi tsakaninsu. Abin da ɗaya ta ji, sai ya ratsa maƙwabtanta.

Haka magana ta ratsa unguwarmu. Wata mai suyar kifi ta leƙa ɗakin ta ga ƙyalle, ta ga jar wuta, ta ga idanu. Lokacin ana cigiyar wani yaro daga Dangoma. Kafin la'asar idon kifi ya zama idon mutum. Waɗanda suka ja Yaya waje suka rufe shi da duka, tare suka yi wasan ƙasa. Bai ƙara tashi ba.

Daga baya aka samu yaron lafiya lau wurin kawunsa a Gwandu. Sai gari ya yi tsit. Ba wanda ya zo ya ce wa Inna ta yi haƙuri.

Da Yaya zai dawo yau, zai tarar da samarin da suka doke shi suna kallon irin gwajinsa a waya, suna cewa kai, Bature ya iya. Ban san ko dariya zai yi ba.

Kwanan baya mai suyar kifin nan ta ƙara min kan kifi a leda. "Ungo gyara, 'yata. Na bar miki idon, na san a gidanku ana so." Matan wurin suka kwashe da dariya. Na karɓa, har na ce na gode, don a unguwar nake kwana, Inna kuma ba ta da kowa sai ni.

Kwalaben an fasa, ɗakin an maida shi na ajiyar gero. Abin da ya rage min shi ne bayaninsa: shirun da ke biyo bayan haske saƙo ne. Sun gani sarai, faɗa ne ba za su yi ba. Ni ma tsoro ya hana ni sa sunana a nan, amma bari a faɗa ko sau ɗaya ne: idon kifi ne, jama'a. Wallahi idon kifi ne.