Ranar da Na Ba da Haƙuri a Madadin Gwamnati

Ba na jin zan manta da ranar da aka sa ni na ba da haƙuri a madadin gwamnati. A lokacin ina babban jami'in jin daɗin jama'a a Talata Mafara, ritayata ta gabato. Ku da kuke rubuta wasiƙar ofis babu waƙafi babu aya, ku saurara da kyau.

A shekarar da shugaban gwamnatin Ostireliya ya miƙe a majalisa ya roƙi gafarar 'yan asalin ƙasar saboda 'ya'yansu da aka raba su da su da ƙarfi, Maigidan ofishinmu ya ji labarin a rediyo. Abin ya burge shi ƙwarai, musamman da ya lura cewa aiki ne da ba ya bukatar siminti. Ya kira ni ya ce, "Malam Bitrus, duniya ta ci gaba. Ka nemo mana laifin da za mu ba da haƙuri a kansa. Amma tsoho, wanda duk masu hannu a ciki sun rasu."

A makarantar mishan an koya mana cewa aiki, ko na shirme ne, a yi shi daidai. Na bincika. A zamanin Turawa, idan mace mai cutar kuturta ta haihu, akan ɗauke jaririn a kai shi gidan reno mai nisa don kada ya kamu. Wasu an mayar da su, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A wani ƙauye bayan Damri na sami Inna Hajo, tsohuwa wadda cutar ta cinye wa yatsu. An karɓe 'yarta Rabi tun ba a yaye ta ba.

Bayan mun gaisa gaisuwa mai tsawo, na bayyana mata tsarin taro: za a karanta jawabi, a miƙa mata abin magana, ta ce ta yafe. Ban yi shakkar amsarta ba, domin a ƙasar nan wanda aka roƙa gafara a bainar jama'a ba ya cewa a'a.

Ta ce, "Da Rabi za ku zo?"

Na ce wannan ba ya cikin jadawali.

Ta ce, "To, shi mai ba da haƙurin, zan gan shi da idona?"

Na ce ƙwarai kuwa, Maigida da kansa. Ta ce to za ta zo.

Ranar taro an kafa rumfuna, an jera kujeru bisa muƙami, ni da kaina na auna tazararsu. An kawo makaɗa daga Bakura, 'yan makaranta daga Maradun sun yi fareti cikin rana. Inna Hajo ta yafa mayafinta na Salla, aka zaunar da ita a kan tabarma, nesa kaɗan da manyan baƙi.

Ga waɗanda ba su san aikin gwamnati ba, akwai abin da ake kira wakilci. Da hantsi aka ce an kira Maigida Gusau, ya wakilta Sakatare. Sakatare yana da ɗaurin aure, ya wakilta Darakta. Darakta ya zo, ya ci nama, ya leƙa takardar jawabin, ya hangi hannuwan tsohuwar, sai ya tuna cewa maƙogwaronsa na ciwo. Ya raɗa mini, "Malam Bitrus, ai Hausarka ta fi tawa."

Mai gabatarwa ya sanar da ni a matsayin wakilin wakilin wakilin Maigida, aka yi tafi. Na karanta jawabin ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sa'an nan na durƙusa na riƙe mata abin maganar, tun da ba ta iya riƙewa.

Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ba kai ne kaz zo gidana kan babur ba? Kai ne gwamnatin?"

Na ce ni wakili ne, Inna.

Ta ce, "Ranar da anka zo ɗaukar ɗiyata, wani dogari ne yaz zo. Ina kuka, shi ma idonai ya yi ja, yac ce in yi haƙuri, shi ɗan aike ne. Yau ga ka, kai ma ɗan aike. Mi kay yi mani da zan yahe maka? Na tsufa ban taɓa ganin mai aiken ba. Ka koma ka ce mishi ina nan bayan Damri. In ya zo ya hwaɗa mani inda Rabi take, ko inda anka bizne ta, sai mu yi maganar yahiya."

Darakta ya ɗaga wa makaɗa hannu, suka saki kiɗa. Kafin la'asar sanarwar ofishinmu ta fita cewa tsohuwa ta yafe cikin hawaye, kuma taro ya watse lafiya.

Da Maigida ya dawo na isar masa da saƙonta kalma bayan kalma, domin ban saba rage saƙo ba. Ya saurara, ya jinjina kai, ya ce lalle maganar tana da nauyi, ya kamata a tura wani. Inna Hajo ta rasu bayan damina biyu, ana kan shawarar wanda za a tura.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu kowa ɗan aike ne, tun daga masinja har mai babbar kujera, shi ya sa ake iya raba uwa da 'yarta ba tare da an sami wanda ya yi ba. Saboda haka idan aka miƙo muku takarda aka ce ku karanta wa talaka, ku duba ku gani ko mai takardar zai iya tsayawa a gabansa. In ba zai iya ba, ku sani cewa ku aka tura ku ji kunyar.