Takarda Mai Haƙora

Ina 'yar sakandare a Minna ina da wani albam na hotuna da nake ji da shi kamar ƙwai. Ado nake yi masa da guntayen takardar naɗe kyauta, masu fure da masu taurari. Yayana ne ke tsinto min su a shagon mai hoto inda yake koyon aiki. Da almakashin shagon yake gyara su, wani mai haƙora, shi ya sa bakin kowace takarda ke fitowa kamar zarto. Ni kuma in dama sitaci in liƙa a gefen hotuna, ragowar in zuba a gwangwanin biskit.

Sai rigima ta ɓarke. Baba yana so Yaya ya zauna a rumfarsa ta hatsi, Yaya ya ce shi hoto ko ba komai. Ranar da aka kore shi daga gida, Baba ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Duk wanda ya nemi yaron nan, ya tattara nasa ya bi shi." Baba kuwa ba ya magana biyu. Da hannuna na ɓamɓare hoton Yaya daga albam na cusa a ƙarƙashin katifa, ina kuka.

Damina ta wuce, ba labarinsa. Wata rana na buɗe gwangwanina, sai ga sabbin guntaye, kore da zanen ganye, bakinsu zarto-zarto. Wannan yankan ko a mafarki na san shi. Wani a gidan nan yana ganin Yaya ke nan!

Inna na fara zargi, uwa ce ai. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don in Baba ya gane, aurenta ne zai mutu. Na zama 'yar sa ido. In ta ce za ta unguwa, sai in ce zan raka ta. In tana wanka, in laluba jakarta. Ban samu komai ba sai goro da man zafi. Har ta gaji ta ce, "Ke wai lafiyarki? Kin maƙale min kamar ƙaska."

Na koma kan maƙwabciyarmu, wata nas 'yar kudancin Kaduna da ke shigowa aron turmi. Baiwar Allah ta gaishe ni, ni ko in bi ta da harara. Guntaye dai ba su fasa ƙaruwa ba. Na daina liƙa komai, in na ji tarin Baba a zaure sai in tura gwangwanin bayan akwati.

Ran nan ciwon ciki ya maido ni daga makaranta da hantsi. Na ɗaga labule, sai ga Baba tsugune a gaban akwatina, da ƙurar motar Paiko a rigarsa, garin da yake zuwa sarin dawa. Yana zaro takardu daga aljihu ɗaya bayan ɗaya, yana miƙar da su a gwiwarsa kafin ya sa a gwangwani.

"Ke ba ki iya sallama ba?" in ji shi.

Ya jawo albam ya buɗe daidai shafin da ba hoto.

"Ina wanda ke nan?"

"Na cire, Baba."

"Wa ya sa ki? Mayar da shi."

Ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ƙi kallona. Sai da ya kai bakin ƙofa ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ki ce wa uwarki ta daka yaji da ƙuli kafin kasuwar Paiko mai zuwa. Yaron ya rame."

Da na faɗa wa Inna, tankaɗe take yi. Ta ajiye rariya, ta rufe fuska da zane, ta daɗe a haka. Sannan ta ce in je wurin maƙwabciya in karɓo turminmu.