Ruwan da Na Zuba wa Lagireto a Hanyar Kibiya

Jama'a, abin nan da zan ba ku ni ya faru da ni, wallahi ba ji na yi a bakin wani ba. Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina tuƙa wa wani attajiri a Rano babbar mota, muna kwasar gyaɗa daga ƙauyuka. Injin motar ya buga, aka sauke shi, Malam Habu makanike ya sa masa sabbin fistin da ring, ya ɗaure, ya ce in je har Ikko ba abin da zai same shi.

Fitata ta farko Nariya na je. Ana cikin lodi bayan azahar sai ga mutane da wani magidanci, Isa, maciji ya sare shi a gona, ƙafa ta kumbura kamar turmi. Wansa Malam Sule ya riƙe min hannu ya ce, "Direba, don Allah ka kai mana shi asibitin Rano." Muka shimfiɗa shi a kan buhuna, muka kama hanya.

Mun wuce Kibiya kaɗan sai na ga allurar zafi tana hawa, kafin in ankara tururi ya turnuƙe gaban mota, dole na tsaya, ga shi ruwan da na riƙo na riga na juye a lagireto, tankin ruwan sanyaya inji, tun a Nariya, wurin kuwa ba gida ba rijiya. Ina ɗaga bonet sai na ji an ce, "Ruwa kake nema?"

Wata tsohuwa ce zaune a bakin hanya da 'yar ƙwarya, ni dai ban ga isowarta ba. Na ce, "Shi kuwa, Inna." Na karɓa na hau zubawa, ko bisimilla ban yi ba don sauri. To ku ji, ƙwaryar nan ba ta fi ta shan fura ba, amma na yi ta zuba har lagireto ya cika ya tumbatsa, ruwan cikinta bai ragu ba.

Ta ce, "Sauke min na bayan nan, motarka ta kai ka gida lafiya."

Malam Sule ya leƙo ya ce, "Ƙanena ne, ba inda za a sauke shi." Ya kama Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, ni kuma na ajiye ƙwarya na tayar da mota, ban waiwaya ba.

Ba mu yi nisa ba allura ta sake hawa, inji ya kama ƙwanƙwasa kamar ana buga ƙofa daga ciki. Ina ɗaga ido, rantsuwa ba kaffara, sai ga ta can gabanmu a bakin hanya, tana miƙo ƙwaryar. Na taka mota na wuce ta, hayaƙi na shigo mana, har muka hango gidajen Rano, nan inji ya yi wata ƙara ya mutu. A kafaɗa muka ƙarasa da Isa.

Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi. Da na je duba shi ya ce min, "Direba, wace ce tsohuwar da kuka ɗauka? Tun daga Kibiya tana zaune kusa da ni, ta riƙe min ƙafa."

Malam Habu kuwa da ya kwance lagireto, ba ɗigon ruwa a ciki, sai yashi mai laushi, busasshe ƙarau, har cikin injin. Ya dube ni, ya ce shi ba zai sake taɓa motar ba.

Har yau ban san da wa muka gamu ba. Ku dai matafiya, in mota ta tsaya muku a daji aka kawo muku ruwa tun ba ku tambaya ba, ku ambaci sunan Allah kafin ku miƙa hannu.