Inda Ragowar Tuwon Inna Ke Zuwa

Inna, mahaifiyata, ta fi shekara talatin tana sayar da tuwo a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, kuma ban taɓa ganin ta zubar da loma ɗaya ba. Ko ƙwayar shinkafa ce ta faɗi, sai ta tsuguna da ciwon gwiwarta ta tsince. Abin da ya rage a tukunya da la'asar na 'yan dako ne, kyauta. Wanda masu ci suka bari a faranti kuwa, da ƙanzo, sai ta shanya a kan wani tsohon langa-langa a gefen kwata, masu awaki su zo su kwasa.

Haka muke har ranar da duba-gari, waɗanda Yarabawa ke kira wole-wole, suka tsaya a rumfarmu. Wata mata ce shugabarsu, mai farin kaya da ƙaramar murya. Ni aka kira daga Islamiyyar da nake koyarwa, don ni ce mai Yarabanci da boko. Matar ta ce dokar tsafta ta jiha ta hana shanya ragowar abinci a bakin hanya, ta kuma hana zuba shi a kwata. Mai kyau a bayar da shi a ranar, kafin ya juya. Wanda ya lalace a ƙulle a leda a ba motar shara, ko a ba manoman da aka yi wa rajistar kwasa. Duk ranar Alhamis za su dawo, in suka tarar da shanya ko tarin ragowa, za su rufe rumfar.

"Motar shara?" in ji Inna. "Abincin Allah tare da ƙunzugun yara? Gaya mata ban iya ba."

Ban fassara wannan ba. Na ce Inna ta gode.

Kwana biyu sai ga wani dattijo Bayarabe a keke mai ƙafa uku, da shuɗin durom mai ɗaure da koren ƙyalle a wuya. Ya nuna takardarsa ta rajistar kwasa, ya ce daga Akinyele yake, kullum zai zo. Inna ta yi murna kamar an ba ta kujerar Makka. Sati uku ana haka lafiya, har wata maƙwabciyarmu mai sayar da fura, wadda ba a rasa labari a bakinta, ta zo ta zauna ta ce, "Hajiya, kin dai san me ake kiwo a can wajen? Aladu."

Washegari Inna ta mayar da dattijon hannu wofi. Ta ce ba za ta tsufa tana kitsa alade da tuwonta ba. Leda ma ta ƙi. Ragowa ta fara taruwa a bokiti a bayan murhu, tana tsami, ƙudaje na biki, ga Alhamis saura kwana biyu. Na ji haushinta ƙwarai, na kuma ji tausayinta, don rumfar nan ita ce ta aurar da mu duka.

Amma gaskiya abin da ya fi cin raina son sani ne. An haife ni a Ibadan, ban taɓa tambayar inda abin da muka rage yake ƙarewa ba. Gani ya kori ji. Ranar Laraba na tare dattijon a Mokola na ce zan bi shi. Ya yi dariya ya matsa mini wuri kusa da durom.

Mun wuce Shasha, muka saki kwalta, muka shiga wata gona. Abin da na fara ji gurnani ne. Aladu huɗu a wani keji can ƙarshen fili. Na ja na tsaya. Dattijon ya lura, ya ja ni wata rumfa mai kwatamai na siminti. Ya ɗaga buhun da aka rufe ɗaya da shi. Tsutsa ce, fara ƙal, mai ƙiba, tana motsi kamar dawa a ruwan zafi. Na ja baya, sai kuma na dawo na leƙa. Ya ce ita ke cinye ragowar cikin 'yan kwanaki. Tsutsar a ba kaji da tarwaɗa, baƙin garin da ta bari a zuba wa lalo da alayyahu. Na tsoma hannu a garin. Ba wari, sai ƙanshin ƙasa bayan ruwa.

"To waɗancan fa, Baba?" na nuna kejin da haɓa.

"Na ƙanena ne. Ragowar otel suke ci." Ya taɓa koren ƙyallen. "Wannan na Sabo ne, Anti, ba ya zuwa can. Mamana Alhaja ce. Na san ku."

Ba wanda ya roƙe shi ya ware mana durom, kuma bai taɓa faɗa ba. Kunya ta kama ni. Ya yanko mini damin lalo, ya ƙi karɓar ko sisi.

A hanya na yi ta shawarar in ɓoye zancen kejin. Da na iso na ga idon Inna, sai na faɗi komai, har yawan aladun. Ta hau tsinke lalon. Ta sa na maimaita maganar ƙyallen sau biyu. Daga nan ta fara tambaya kamar ɗaliba: tsutsar tana cin yaji? Ƙashi fa? Miyar kuka ba ta dame ta?

Ranar Alhamis duba-gari suka tarar da langa-langa a jingine, bokiti a wanke. Da dattijon ya zo, Inna ta zuba masa tuwo mai zafi da miyar lalonsa, ita kuma ta zauna tana tsince tsinken sakace da leda daga ragowar kafin ta juye a durom. Na ce, "Inna, tsutsa ce fa za ta ci, ba baƙi ba."

"Na sani," ta ce. "Gara ta saba da hannuna tun yanzu, kafin in je mata da kaina."

Bara muka kai ta makwancinta. Rumfar tana hannun yayata yanzu, durom mai koren ƙyalle yana zuwa kullum, kuma ni ce nake tsince tsinken.