Jar Darar Baba da Piyanon Makaranta

Shekara goma sha tara ke nan da Allah Ya karɓi ran mijina, Malam Garba mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Haɗejiya, amma har yau in an ambace shi a gidansu sai wani ya rage murya ya ce, "Wanda ya yanka hular ubansa saboda kiɗa?" Makon jiya a wajen suna na sake jin maganar daga bakin wata jikar yayansa, yarinyar da ko uwarta ba a aurar ba lokacin da abin ya faru. Raina ya ɓaci, kuma na gaji da haɗiyewa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Lokacin da kuɗin fetur ya fara shigowa, ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata. Aka kawo mana piyano mai aiki da batir, muna koyar da waƙa da shi. A daminarsa ta biyu kogi ya cika fadama, laima ta shiga ko'ina har gishiri yana narkewa a kwano. Sai maɓallansa suka fara ƙara. Ka danna, ƙwas. Ka saki, ƙwas. Yara suka daina bin waƙa suka koma dariya. Malamin waƙa, bawan Allah, ya yi masa abin da muke yi wa ƙyauren da ke kuka: ya tsiyaya masa man gyaɗa. Ƙara ta ƙaru, tururuwa kuma suka samu gida.

Hedimasta ya ce a jefa shi sito, ai yanzu ƙasa ta yi arziki, za a kawo sabo. Na san irin wannan sabon, a birni yake tsayawa. Ni na sa aka ɗora shi a amalanke aka kai gidanmu.

Malam ko batir bai sa masa ba. Ya ce, "Malama, muryarsa lafiya lau take, ƙashinsa ne ke ciwo." Ya kara kunne yana danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, yana ware wanda ke ƙara in ya sauka da wanda ke ƙara in ya komo. Da ya buɗe ciki sai ga dogayen ƙyallaye biyu na ulu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, su ne matashin da maɓallan ke faɗawa a kai. Laima da mai sun mayar da su kamar ƙanzo. Ya kankare, ya goge, sannan ya shiga neman madadi. Fatar akuya ta yi tauri. Auduga ta kwanta cikin kwana ɗaya. Robar tayar keke kuwa sai ta ƙara masa wani sabon kuka. Ya ce abin da yake bukata shi ne ulun da aka danne ya yi kauri, irin na jar dara. Ya zaga kasuwa, duk darar da ya taɓa sirit take, an cika ta da kwali.

Dara mai kauri ɗaya ce muka sani, ta marigayi mahaifinsa, wadda ya zo da ita daga aikin hajji a ƙafa. Tana cikin adakata tun rabon gado. Na ambata masa, ya ce a'a, gara a mayar wa makaranta da kayanta.

To, a kwanakin nan yayansa Alhaji Sale ya kama kwangila, kullum yana yi masa gori cewa zamanin gyara ya wuce, wa zai kai tsoho wajen likita alhali ga sabo a kanti. Mako guda ina kallon mijina yana juya tuwo ba ya ci. Ranar da ya tafi garin Malam Madori duba rediyon wani, na buɗe adaka na ɗauko almakashina. Ni na yanka darar nan, da hannuna, ba wanda ya sa ni.

Da ya dawo ya daɗe yana kallon jajayen zirin da na jera a kan tabarma. Na zaci ranar zan kwana gidan iyayena. Sai ya tsuguna ya ɗauki ɗaya ya gwada, ya ce, "Kin ma yanka daidai." Ya jiƙa ƙaro ya liƙa su. Washegari ya bi maɓallan daga farko har ƙarshe, ba ka jin komai sai numfashinsa. Piyanon nan ya ƙara shekaru yana aiki, kuma sabon da aka yi alkawari har na bar koyarwa bai zo ba.

Da salla ta matso Alhaji Sale ya zo aron darar. Ina bayan labule na ji Malam ya ce, "Ni na yanka ta, Yaya." Alhaji ya ce, "Hular Baba? Saboda kayan maroƙa?" Ya sa takalminsa ya fita, kuma bai sake taka gidanmu ba har ya koma ga Allah. Ni kuwa ban fito ba. Wannan tsayuwa ta bayan labule ita ce abin da nake jin kunyarsa, ba yankan ba. Daga baya na ce zan je in faɗa, Malam ya hana ni. Ya ce, "Ni ɗan gida ne, iyakarsu su hana ni tabarma. Ke kuwa sai sun ga na sake ki." Haka ya yi shekaru ana yin shawarar dangi ba a kiransa, bai taɓa yi mini ko kallon banza ba.

Ina tambayar kaina me zai ce da ya leƙo yau, ya ga ana jefar da waya don gilashinta ya tsage, ya ga samarin da ke kiɗan biki suna ƙara wa lasifika murya don su rufe ƙarar maɓalli. Na san ba zai yi wa kowa wa'azi ba. Cewa zai yi a kashe abin, a miƙo masa. Ya yarda cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in ya yi shiru ya saurara.

Masu cewa an ci mutuncin Baba, ina tambayarsu: darar da asu zai cinye a adaka, da darar da ɗaruruwan yara suka koyi waƙa a kanta, wacce ta fi yi masa hidima? Ban yi nadama ba, kuma da za a maimaita sai na sake yankawa.

Piyano ya tafi, rumfar gyara ta zama shagon caji, Alhaji Sale da Malam suna kwance a maƙabarta ɗaya, Allah Ya gafarta musu. Abin da ya rage mini shi ne sanin cewa na zauna da mutumin da ya zaɓi a ɓata sunansa da a taɓa aurensa. Ya riƙe mini wannan kaya har kabari, yau na sauke masa. Duk mai sauran magana a kan hular nan ya bar mamaci ya huta. Ni ce, ina nan da raina, kuma kowa ya san ƙofar gidana.